Kamara a hular kowane soja: maganin yaƙin daji ko kiran ajali?

Admin: Salamu alaikum jama'a. Maganar da Mai Kamara ya tayar jiya a shagon Injiniya bayan la'asar ita ta hana mu tashi har aka kira magariba, shi ne na ce a kawo ta nan kowa ya sa baki. Cewa ya yi wai da gwamnati za ta ba shi kwangila ya ɗaura wa kowane soja kamara a hula, ya kafa Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, a kan kowace Hilux, bidiyo na tafiya kai tsaye zuwa Abuja, to wata shida ma ya yi yawa an gama da 'yan bindiga. Banda zagi, banda siyasar jam'iyya, banda turo hoton gawa. Bismillah.

Mai Kamara: Eh ni na faɗa kuma ban janye ba. Shekara 9 ina wannan sana'ar a Legas, akwai wani sito a Apapa da na sa wa kamara 16, maigidan yana Dubai amma yana ganin lebura idan ya zauna a kan buhu, akwai wani gida a Lekki da na haɗa da ofishin mai shi ba tare da na ja waya ko taku ɗaya ba, eriya biyu kawai na kafa suna kallon juna. To in ɗan kasuwa zai ga kayansa daga wata ƙasa me zai hana janar ya ga yaransa a dajin Zamfara? Gani ya kori ji. Matsalarmu kawai ba a son kashe kuɗi inda ya dace

Injiniya: Ɗan uwa ka faɗi amsar da bakinka ba ka lura ba, ka ce eriya biyu suna kallon juna. Sun shekara nawa a wurin ba su motsa ba? Suna saman bene, ga inbata ga sola, babu wanda ke harbinsu, babu wanda ya tashi da safe da niyyar ya dagula musu sigina. Yanzu sauko da eriyar nan ka ɗaura a kafaɗar mutum, tsayinta daga ƙasa bai kai mita 2 ba, yana gudu yana kwanciya yana shiga kwazazzabo. Ko a fili fetal babu ko tsiro, lanƙwasar duniya kaɗai za ta ɓoye maka ƙasa bayan kilomita 5 zuwa 6, balle cikin itatuwa, ganye mai ruwa shanye siginar irin eriyar nan mai gigahaz 5.8 yake kamar soso. Ni aikina hawa ƙarfen sabis ne, ba don sha'awa muke hawa mita 40 ko 50 ba, tsayi shi ne jarin wannan harkar gaba ɗaya

Mai Kamara: Shi ya sa na ce Starlink ai, sama yake kallo ba gefe ba

Injiniya: A kan motar, na yarda, in sama a buɗe take. Daga hular sojan zuwa motar fa? Ko zai goya dish ɗin ne da janareto a baya

Ɗan Agege: hhhh soja mai kai kamar gidan kallon ƙwallo

Baba Saje: Assalamu alaikum yara. Jikata ce ke rubuta min ina faɗa mata don idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Ni sigina na yi a soja, na je Laberiya da ECOMOG, na ɗauki rediyo a bayana cikin dajin da da tsakar rana sai ka rantse magariba ta yi. Murya kawai muke turawa ba hoto ba, amma sai mun sa yaro ya hau bishiya da waya kafin a ji mu. Wannan ma ba shi ne abin da nake son in gaya maka ba Mai Kamara. Abin da aka fara koya mana shi ne duk lokacin da ka danna oba-oba ka yi magana, to ka kunna tocila ne cikin duhu. Wanda kake nema zai gan ka, wanda yake nemanka ma zai gan ka. Shi ya sa ake cewa ka shirya maganarka a kai kafin ka danna, ka faɗa cikin 'yan daƙiƙu, ka saki, in da hali ka bar wurin. To kai yanzu kana so yaro ya kunna tocilar tun asuba har dare ba ya kashewa. Haka bidiyo yake ko ba haka ba Injiniya?

Injiniya: Haka yake Baba, ranka ya daɗe. Murya tana tafiya a 'yan kilobit kaɗan kuma jefi-jefi, bidiyo mai kyau ko an matse shi yana cin megabit 2 zuwa 4 kuma ba ya numfashi. Na'ura biyu a wuri daban-daban su ja layi zuwa inda siginar ke fitowa, inda layukan suka haɗu nan kake

Mai Kamara: Baba Allah ya ƙara girma, amma da wa muke yaƙi? Ɗan bindigan da ke kan babur da silifas shi ne zai auna sigina ya ja layi? Ba Rasha muke yaƙa ba fa

Ɗan Agege: Kada ka raina su oga. A Borno ISWAP sun riga sun fara tashin ƙananan diron irin wanda ake ɗaukar biki da shi, da farko leƙen asiri da ɗaukar bidiyon farfaganda, yanzu har bam suke ɗaura musu. Wanda ya iya wannan gobe zai iya sayen na'urar gano sigina, ai ba a sama ake sayar da ita ba. Kuma maganar Baba ta faru a zahiri, daren sabuwar shekara ta 2023 a garin Makiivka da ke gabashin Yukren aka jefa wa sojojin Rasha roka a ginin da suke kwana, ita kanta ma'aikatar tsaron Rasha ta ce mutum 89 suka mutu kuma ta ɗora laifin a kan wayoyin da sojojin suka kunna duk da an hana. Wasu sun ce kwamandoji ne ke neman wanke kansu, ko ma dai mene ne su da bakinsu suka ce waya

Mai Kamara: Yauwa tunda kun kawo Yukren bari mu yi ta. Ku buɗe YouTube ku ga ɗakunan kwamandojinsu, bango cike da sikirin, kowane sikirin diron ne yana turo hoto kai tsaye, kuma da me? Starlink tun ƙarshen Fabrairun 2022. Sannan harin nan na 1 ga Yunin 2025 da suka ɓoye diron 117 a cikin manyan motoci suka shiga da su har cikin Rasha suka ƙona jiragen yaƙi a filayensu, rahotanni sun ce da sabis ɗin waya na ita Rashar kanta aka tuƙa su, sim kamar wanda Hajiya Mai Data ke sayarwa. To ina zancen wai abin kasuwa ba ya aiki a yaƙi? Mu da muka riga kowa a Afirka samun Starlink tun Janairun 2023 muna zaune muna kallon TikTok da shi

Injiniya: Wannan kam ka kawo hujja, ba zan musa ba. Kayan kasuwa sun ba manyan kamfanonin makamai kunya a yaƙin nan. Amma duba da kyau, hoton da kake gani a bangon daga sama yake zuwa, daga diron, ba daga hular kowa ba. Diron in ya hau mita 100 kawai yana iya ganin eriyar da ke nesa da kusan kilomita 40, abin da na ce maka ne, tsayi. Na biyu kuma harin Yuni ya yi aiki ne don ba a zata ba, bayansa Rasha ta koma kashe intanet ɗin waya a garuruwa da yawa duk lokacin da ta ji motsi. A dajin Rugu ko Kamuku wane sabis ɗin za ka hau ma? Mu da muke zuwa gyara mun san ƙarafa nawa ne ke tsaye babu dizal babu batir don ba mai iya kai wa wurin.

Sai maganar da ta fi damuna, makullin abin a hannun wa yake. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 kafin tankoki su tsallaka iyaka aka kutsa tsarin tauraron Viasat da Yukren ke amfani da shi, modem dubbai suka mutu lokaci guda, har injinan wutar iska kusan 5,800 a Jamus suka rasa hanyar da ake lura da su daga nesa. Shi kuma Starlink ɗin, Elon Musk da kansa ya faɗa cewa an roƙe shi ya kunna sabis har birnin Sevastopol da ke Kirimiya don wani harin Yukren ya ƙi. Mutum ɗaya ɗan kasuwa a Amurka ya ce a'a kuma shikenan. Kana so idon sojan Najeriya ya zama a aljihun wani?

Ɗan Agege: Ba muna da namu tauraron ba? NigComSat

Injiniya: Muna da shi, 1R, tun Disamban 2011 China ta harba mana. Amma irin mai tsayawa wuri ɗaya ne, kilomita 35,786 a sama, sigina ta hau ta sauko kusan rubu'in daƙiƙa, ka ba da umarni hoto ya dawo maka rabin daƙiƙa ta wuce tun ba a lissafa matse bidiyon da warware shi ba. Starlink yana wajen kilomita 550 ne shi ya sa yake da sauri. Don kallo daga babban jirgi ba matsala, Amurkawa sun shekara da shekaru suna tuƙa jiragensu marasa matuƙi, Predator da Reaper, daga jihar Nevada ta irin wannan tauraron, amma saboda jinkirin nan tashi da sauka sai an ajiye wasu matuƙan a kusa da filin su karɓa da rediyo kai tsaye. Dalilin sansani irin na Agadez kenan da suka bari a 2024, jirgin dole ya kwana kusa da inda yake aiki. Kuma kun san abin da ruwan Legas ke yi wa dish ana tsakiyar wasa, zangon sigina ɗaya ne da wanda jiragen ke amfani da shi, hadari mai nauyi yana cin sa

Auta: Yayyena ku yi haƙuri in shigo, duk kuna musu ne a kan abin da ya riga ya mutu. Wayales ya ƙare a fagen yaƙi. Tun 2024 Rasha ta fara sakin diron mai jan zaren faiba a bayansa, Yukren ma ta bi, zaren siriri kamar na kamun kifi, a naɗe a gwangwani a ƙarƙashin diron ɗin yana warwarewa yana tafiya, kilomita 10 har 20. Babu sigina a iska balle a dagula ta, babu tocilar da Baba ke faɗa, hoto tar kamar fim har ya shiga ta taga. Akwai hotunan gonaki da zaren ya lulluɓe kamar saƙar gizo. To in manyan da suka fi kowa iya dagula sigina sun koma igiya me ya rage

Baba Saje: Allahu akbar. An dawo gidan jiya kenan. Mu ma in mun kafa sansani waya muke ja daga rami zuwa rami mu sa tarho mai wainawa, don ita ba a jin ta daga nesa. Har makami mai linzami akwai mai jan waya a baya tun ina yaro, TOW. Yaron nan ka faranta min

Injiniya: Auta ka yi karatu amma ka yi saurin yanke hukunci. Zaren nan tafiya ɗaya yake yi ba ya dawowa, diron ɗin da zai je ya fashe ne. Gwangwanin yana da nauyi, abin da ya ci na nauyi an rage shi daga bam ko batir, yana sarƙewa a reshe, mota ta bi ta kai ya tsinke, kuma da safe in rana ta haska shi ana iya bin sa a gane ta inda aka taso. Ba za ka ɗaura wa sojoji 30 masu tafiya a ƙafa zare kowa na jan nasa ba, sai ka ce awaki a Alaba Rago. Har yau yawancin abin da ke tashi a can da rediyo yake tashi, abin da ake yi shi ne tsere, wannan ya toshe zango wancan ya koma wani, bayan sati biyu a sake

Auta: To ai shi ne nake cewa an gudu ba a tsira ba

Injiniya: Ba a tsira ba amma ba a mutu ba. Bari in ba ka wani abin mamaki, ƙananan diron ɗin nan da yawa da gangan suke amfani da tsohon salon bidiyo irin na talabijin ɗin da, mai yin dishi-dishi. Saboda shi in sigina ta yi rauni hoton yana dusashewa ne a hankali kana dai ganin inuwar abu, shi kuwa na zamani daskarewa yake yi cak kamar bidiyo kol a kan gadar Third Mainland, kuma daƙiƙa ɗaya ta daskarewa ta isa ka daki bishiya. Illarsa ba shi da makulli, kowa mai risiba zai kalla. Sojojin ɓangarorin biyu suna yawo da ƙaramin sikirin mai laluben zango, in ka ga ramin da kake ciki ya bayyana a sikirin ɗinka to ka san wa ake nufi

Ɗan Agege: Innalillahi. Ka ga kanka a talabijin ɗin ajalinka

Mai Kamara: Wannan ai sakaci ne, ni ko kamarar shago ba na bari ba faswod. A kulle bidiyon mana

Injiniya: Amurka ma ta yi wannan sakacin. A Disamban 2009 jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa mayaƙa a Iraƙi suna kallon bidiyon Predator da wata manhaja ta Rasha mai suna SkyGrabber, dala 26 kuɗinta, an yi ta ne don satar fina-finai da waƙoƙi daga tauraro. A laftof ɗin wani da aka kama aka ga bidiyon. Ba su iya tuƙa jirgin ba amma suna ganin abin da yake gani, kuma an san da ramin tun lokacin yaƙin Bosniya aka ce ai waɗannan ba za su iya ba. Kalmar da ka faɗa ɗazu kenan, mai silifas. Kullewa kuma ba faswod ɗin shago ba ne, kowane rediyo sai an loda masa makulli iri ɗaya, ana canzawa a kan lokaci, na sojan ƙasa ya dace da na sojan sama

Baba Saje: Kuma ranar da aka afka wa sansani aka kwashi mota da rediyo a ciki, duk makullin ya zama na banza sai an canza wa kowa a daren. Wa zai zaga ya yi? Mun sha ganin bidiyon yaran nan suna nuna kayan da suka kwasa. In motar da dish ɗinka ce suka tafi da ita kuma tana haɗe da Abuja fa

Auta: Ni fa na ɗauka manyan sojoji suna da wani netwok na musamman da ba a iya toshewa, Link 16 ko me

Injiniya: Akwai, na NATO, yana tsalle tsakanin zango 51 sau kusan 77,000 a daƙiƙa, toshe shi wahala ne. Amma abin da yake ɗauka a asali bai wuce kilobit 115 ba, saƙon wane ne a ina, wane ne namu wane ne nasu. Ko sitatus ɗin WhatsApp ba zai tura maka da daɗi ba. Abin da ka samu na tauri ka biya shi da faɗin hanya. Wanda ya fi kusa da mafarkin Mai Kamara shi ne rediyon raga, irin na Silvus da Persistent Systems, kowane rediyo yana karɓa yana miƙa wa na gaba kamar masu miƙa kwanon kankare a wurin gini, in ɗaya ya faɗi saƙon ya bi ta wani. Yana aiki sosai, yana ɗaukar bidiyo. Sai dai duk miƙawa ɗaya tana rage abin da hanyar za ta ɗauka, in kamara 30 suka buɗe lokaci guda gosulon Mile 12 za ka gani, sannan batir, sannan kuɗinsa da dala ne

Hajiya Mai Data: Tun ɗazu ina karantawa ban so in yi magana ba amma Malam Mai Kamara ka ce gani ya kori ji, abin ya tsaya min a rai. Ni 'yar Igabi ce. Tudun Biri ba labarin jarida ba ne a wurinmu. Daren 3 ga Disamban 2023 mutane suna Mauludi, mata da yara, jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bam, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne 85, sojoji suka amsa cewa kuskure ne an ɗauka 'yan bindiga ne. To ina tambaya, wannan jirgin ba kamara gare shi ba? Ba sigina ce ta kai hoton har gaban wanda ya danna ba? Netwok ɗin bai yanke ba ranar, da ma ya yanke

Admin: Allah ya jiƙansu ya gafarta musu

Baba Saje: Amin ya rabbi

Ɗan Agege: Amin. Kuma Hajiya ba mu kaɗai ba, waɗanda suka fi kowa kayan aiki ma. Kabul, 29 ga Agustan 2021, Amurkawa sun bi wata farar Corolla da kamara kusan awa 8, suka ga ana loda abu a but suka ce bam ne, ashe jarkokin ruwa ne mutumin ke kai wa gida. Mutum 10 suka kashe, 7 yara. Daga baya suka fito suka amsa. Awa 8 fa suna kallo

Mai Kamara: Hajiya wallahi ban faɗa don in taɓa miki ciwo ba, Allah ya jiƙan musulmi. Amma ki duba, ni a ganina wannan ma hujjata ce. Daga sama mutum ɗigo ne, da dare kuma kamarar zafi ce, farin abu kawai kake gani yana motsi. Da akwai ido a ƙasa, kamara kusa da ke nuna yara da alluna da tabarmi, ai da ba a danna ba. Ƙarin gani ake buƙata ba ragi ba

Hajiya Mai Data: Da akwai soja a ƙasa kusa da zai ɗauki hoton tabarmi ai da bakinsa ma ya isa, ya ce kai ku tsaya Mauludi ne. Ko a kira mai unguwa a waya. Ko a ce a ɗakin akwai mutum ɗaya da ya san watan da ake ciki da yadda ƙauyen Hausa ke taruwa da dare. Wannan ba megabit ba ne Malam. Ƙanena soja ne yana Borno yanzu haka, in ya samu sabis ya kira ba ya ce min kamara suke nema, batir ɗin oba-oba yake faɗa da ruwan sha da jirgin da in an kira zai zo da wuri

Ɗan Agege: Ni ma bari in ƙara da abin da na sani, na yi gadi shekara 4 a wani kamfani a Ikeja kafin in fara sana'a, ɗakin sikirin 12 aka ba ni. Wallahi bayan minti 20 idonka na kai amma ba ka ganin komai. Oga Mai Kamara faɗi gaskiya, kwastomominka yaushe suke buɗe bidiyon? Ba sai an yi sata ba a zo ana riwayin? To soja 1,000 kamara 1,000, wa zai zauna a Abuja ya kalla

Baba Saje: Kuma in ya kalla sai ya fara ba da oda. Mutum yana cikin esi da shayi a gabansa yana ce wa laftanan ɗin da harsashi ke wuce wa ta kunne matsa hagu matsa dama. Na ga irinsa da rediyo kawai ma, balle ya ga hoto

Mai Kamara: Toh. Riwayin ɗin ma ai amfani ne Ɗan Agege, in an yi ɓarna a san wa ya yi, in an ce an kai wa yara kayan aiki a ga ko an kai. Wannan ba sai kai tsaye ba, memori kad ya isa, a nan na sassauta. Amma ban sauka daga kan maganata ba. A ce kowace tawaga tana da ƙaramin diron nata, hoton na sauka a hannun kwamandan da ke wurin, ya ga kwanton ɓauna kafin ya shiga, diron na biyu ya tsaya a sama yana miƙa sigina, Starlink ɗin na mota don in ana neman agaji. Yara nawa aka rasa a kan hanya saboda ba su ga abin da ke bayan kwana ba?

Injiniya: Wannan kuma sunansa ROVER a wurin Amurkawa, sun fara shi tun farkon yaƙin Afganistan, hoton jirgi na sauka a hannun na ƙasa. Da shi ka faɗa jiya da mun sha shayinmu lafiya. Jiya cewa ka yi kowace hula, Abuja, wata shida. Kuma ko wannan ɗin in diron ɗin kasuwa ne a sani cewa na DJI suna shelanta inda matuƙinsu yake tsaye, kamfanin da kansa ya yi na'urar karanta hakan, AeroScope, an yi rigima a kanta a farkon yaƙin Yukren. Sai an san abin da aka saya

Mai Kamara: Wata shidan ne kawai na janye. Shekara ɗaya

Hajiya Mai Data: Allah ya shirye ka. A Satumban 2021 da aka kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya ma cewa aka yi 'yan makonni za a gama, mu masu sayar da data muka ji a jikinmu, mutanenmu na nan Legas sai su ba direba wasiƙa kamar zamanin da

Auta: Ni dai har yanzu ina kan zare

Injiniya: Mai Kamara mu daina cika baki, kana da eriyoyin nan naka biyu a shago, ni ina da batir da mita. Ranar Asabar mu je gonar abokina a Epe, akwai kurmi a bayanta. Kai ka ɗaura ɗaya a kafaɗa da kamara ka shiga, ni ina mota da laftof. In hoto ya kai mita 500 cikin itatuwan bai daskare ba ni zan sayi tsiren kowa a group ɗin nan, in ya daskare kai za ka saya

Mai Kamara: Na yarda amma ni zan zaɓi eriyar, kuma banda ranar ruwa

Baba Saje: A yaƙi ma haka za ka ce musu, banda ranar ruwa? Ku zo ku ɗauke ni a Obalende, ina son in ga wannan da idona. Kuma ka sa takalmi mai rufi, akwai macizai a Epe

Ɗan Agege: Wa zai sa man mota

Admin: Wanda ya faɗi. An kira isha'i, na rufe sai da safe